Tarihin Tukunyar Tambuwal da Kebbe, Daga Zamanin Ribaɗi Zuwa Zamanin Dunƙule

Sa'ad da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya riƙi al'amarin jama'a daga 1817 zuwa 1837, ya tsai da shawarar kafa garuruwan ribaɗi a bakin iyakokin daula domin su zama garkuwa ga Sakkwato da Gwandu, ɗan'uwansa Muhammadu Buhari ɗan Shehu ne ya zauna a Tambuwal yana tsaron kudu; kuma da yake sharaɗin kowane ribaɗi shi ne ya iya ciyar da kansa ko da abokan gaba sun datse hanyoyi, mutanen da suka taru a wurin ba su da wata dabara face su mai da dajin da ke kewaye da su gonaki, su cika rumbuna, su kuma san amfanin kowane itace da Allah ya tsirar a ƙasar. A kan abin da Kabawa da Zamfarawa da Fulanin daji suka gada tun kaka da kakanni aka ɗora wannan tsari, ya kafu daga Tambuwal zuwa Dogon Daji da Jabo da Sanyinna, ya gangara Kebbe da Kuchi, wajen da fadamun Gulbin Zamfara ke riƙe danshi bayan damina ta ɗauke.

Cimar mutanen wannan yanki a lokacin ba ta da yawan launi, amma tana da tushe. Gero da maiwa da dawa su ne ginshiƙi: tuwo da dare, ɗumame ko kunu da safe, fura da nono idan rana ta take. Miya kuwa ta kuka ce, ko ta busasshiyar kuɓewa, ko ta sure, a sa mata daddawa da barkono da ɗan busasshen kifi, wanda Allah ya hore wa ya ɗiga man shanu. Zaƙi daga zuma yake, ko rake, ko garin ɗorawa, ko maɗin ɗinya, kuma ba kullum ake samunsa ba. Alkama ana nomanta kaɗan a fadama da rani, sai dai ta gidajen sarauta da attajirai ce, ta alkaki da finkaso ranar biki. Abin da ake jira daga nesa ƙalilan ne, watau gishirin Fogha da na Bilma, da kanwa, da goron Gwanja wanda fatake ke saukewa a kasuwar Jega. Kada mai karatu ya zaci ana nufin zamanin aljanna ce a duniya. Akwai yunwar tsakiyar damina lokacin da rumbu ya yi ƙasa sabon hatsi bai nuna ba, akwai fari da fara, akwai maƙoƙo a wuyan mutane saboda rashin wani sinadari da ba su san sunansa ba, yara da yawa kuma ba su tsallake yaye. Abin da kawai za a iya tabbatarwa shi ne, duk abin da ya shiga tukunya an san gonar da ya fito da hannun da ya sarrafa shi.

Ya kamata a tsaya a kan daddawa, domin ita ce mabuɗin sauran labarin. Idan ɗorawa ta nuna da bazara, aka kaɗo ta, aka raba gari da ƙwaya, sai mace ta ɗora kalwar a wuta ta kwana tana tafasa, ta sauke ta surfe a turmi har ɓawon ya fita, ta kai rijiya ta wanke, ta sake dafawa, sa'an nan ta zuba a kwando ta lulluɓe da ganye da tsumma ta bar ta kwana biyu ko uku har ta ruɓa irin ruɓar da ake so, bayan haka ta kirɓa, ta mulmula, ta shanya a rana. Aiki ne mai cin itace da ruwa da ƙarfin ƙirji, wanda ba kowace mace ke ƙwarewa a kansa ba, shi ya sa a kowace unguwa akan san gidan da daddawarsu ta fi. Wadda ba ta sami kalwa ba takan yi ta batso da 'ya'yan sure. Masana abinci na zamani da suka auna sun tarar fiye da sulusin daddawar kalwa sinadarin gina jiki ne, ga mai a cikinta, ashe talakan da ba ya ganin nama sai Babbar Salla yana samun wani abu mai kama da madadinsa kowane dare bai sani ba. Ta wajen tattalin arziki kuma, matar da ke cikin kulle, wadda shari'a ta tabbatar mata da cewa abin da ta samu da hannunta mallakarta ne miji ba shi da iko a kai, da daddawa da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da fura take tara abin da za ta yi wa 'yarta kayan ɗaki, ta yi biki, ta taimaki iyayenta. Kuɗin miya yakan fita daga aljihun maigida ya shiga gidan maƙwabciya, bai bar unguwar ba. Itacen ɗorawa kansa dukiya ce da ake gado, ba mai sa masa gatari. Idan kuwa wata ta yi algus ko ta tauye awo, to ga mai unguwa, ga sarkin kasuwa, ga malamai masu karantar da hukuncin ciniki, daular ma ta san muƙamin muhtasibi mai duba mudu da ma'auni. Mai saye da mai sayarwa suna haɗuwa a rijiya ɗaya da masallaci ɗaya, kunya kaɗai ta isa hisba.

A ranar 15 ga Maris 1903 rundunar Ingilishi ta ci Sakkwato, amma tukunya ba ta ji wannan ci ba nan da nan. Abin da ya fara taɓa ta haraji ne, da aka wajabta biyansa da kuɗin Bature, domin manomin da dole ya nemo sule da sisi ba makawa ya shuka abin da kanti ke saye, watau gyaɗa da auduga, ya kuma kai fatar jar akuyar Sakkwato wadda Turai ke ƙauna. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, reshensa ya bi ta Gusau ya tuƙe a Ƙauran Namoda a 1929, kantunan John Holt da G.B. Ollivant da CFAO suka jeru a tashoshi, motoci da raƙuma da jakuna suka riƙa kai kaya suna komowa da wasu. A 1920 kamfanin Lever Brothers, mai yin sabulu a Ingila, ya sayi Niger Company. A 1929 aka haɗa shi da wani babban kamfani aka sami UAC, a daidai lokacin da Lever ɗin ya haɗu da masu yin bota na ƙasar Holan suka zama Unilever. Ma'anar wannan ga mutumin Kebbe ita ce, hannun da ke sayen gyaɗarsa a ma'auni shi ne ke matse ta a Turai ya yi bota da sabulu, shi ne kuma ke da kantin da zai sayar masa da farin gishiri da sukari mai ƙwaya da atamfa. Farin gishirin Ingila ya soma ture na Fogha saboda araha da tsabta, wannan shi ne kayan miya na farko da ya fita daga hannun fataken ƙasa. Sukari da shayi da madarar gwangwani, irin su Peak da aka fara kawowa daga Holan a 1954, sun daɗe suna zaune a gidan hakimi da alƙali da malamin makaranta da akawun En'e, talaka yana hangensu a matsayin alamar ɗaukaka. Kuma lalle wannan hange ya yi wa kamfanoni aikin da talla ba za ta iya yi ba, gama mutum ya fi kwaɗayin abin da ya gani a gaban babba.

Gab da samun mulkin kai da bayansa al'amarin ya sake kama, domin kamfanonin sun daina tsayawa ga shigo da kaya, suka kafa ma'aikatu a Ikko. Nigerian Bottling Company na iyalin Leventis ya fara cika kwalaben Coca-Cola a 1953; wani attajiri Bagirke, George Coumantaros, ya kafa Flour Mills a 1960, injinsa na Apapa ya fara niƙa alkamar Amurka a 1962; Nestlé na ƙasar Suwizalan ya buɗe harkarsa a 1961; Cadbury mai Bournvita ya bi baya. Sa'an nan shekarun 1970 suka zo da abubuwa biyu a haɗe, farin 1972 zuwa 1974 wanda ya kashe dabbobi ya wofintar da rumbuna, da kuɗin man fetur waɗanda suka sa kayan waje suka fi na gida araha. A wannan tsakani ne burodi ya fita daga barikin ma'aikata ya shiga tashar mota da kasuwar ƙauye, aka kuma shimfiɗa kwalta a hanyoyin da suka haɗa Sakkwato da Jega da kudu, Tambuwal tana bisa hanya. Da hukuma ta ga kuɗin da alkama ke ci, sai ta ce a noma ta a gida, aka ba kamfanin Impresit na Italiya aikin madatsar Bakolori kusa da Talatar Mafara, aka gama a 1978. Manoman da aka karɓe wa gonaki suka tsaya neman diyya, a Afrilun 1980 'yan sanda suka buɗe musu wuta, rayuka masu yawa suka salwanta, alkamar da aka yi domin ta kuwa ba ta taɓa kusantar biyan bukata ba. Wasu masana biyu 'yan Suwidin, Gunilla Andrae da Björn Beckman, sun wallafa littafi a 1985 suna bayyana yadda ƙasa ta saba wa kanta da abincin da ba ta iya nomawa. Gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, ba a yi shekara shida ba ta janye hanin, domin bakin jama'a ya riga ya saba.

Duk da haka burodi abin marmari ne a gefen tuwo. Wanda ya shiga tsakiyar tukunya shi ne dunƙule. Asalinsa wani mai injin niƙa ne a Suwizalan, Julius Maggi, wanda a shekarun 1880 ya ga matan ƙasarsu sun shiga aikin ma'aikatu ba su da sukunin girki, ya ƙago garin miya mai saurin dahuwa, daga baya a 1908 aka fito da shi a dunƙule. Nestlé ya mallaki kamfanin a 1947, ya kuma gina ma'aikata a Agbara kusa da Ikko a farkon shekarun 1980. Daga can kaya ke tasowa zuwa manyan diloli na Kano da Sakkwato, daga su zuwa masu shaguna na Tambuwal da Dogon Daji, daga su zuwa mai tebur a ƙofar gida a ƙauyen da ko asibiti babu, wanda zai ɓalle fakiti ya sayar da ƙwaya ɗaya. Kuma a nan hikimar cinikin take, domin ba a nemi talaka ya sayi abin da ya fi ƙarfinsa ba, an nemi kawai ya sayi ɗan kaɗan kowace rana har ƙarshen ransa. Nestlé da bakinsa ya ce yana sayar da dunƙule fiye da miliyan 100 kowace rana a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. Unilever ya zo da Royco da Knorr, Ajinomoto na Japan ya kafa reshe a 1991 ya cika Arewa da farin magi a 'yan ƙananan ledoji, Promasidor ya kawo Onga. Cadbury ma a shekarun 1990 ya gwada matse daddawa kanta a dunƙule ya nannaɗe ta a takarda.

Adalci ya wajabta a faɗi dalilan da suka sa mata suka karɓe shi hannu biyu, gama ba wawaye ba ne. Ba ya bukatar itace ko kwana a gaban murhu, ba ya lalacewa, ɗanɗanonsa ɗaya ne jiya da yau, gishirin da ke cikinsa kuma yana da aidin, sinadarin da ya kusan kawar da maƙoƙo bayan da hukuma ta wajabta sa shi a gishiri a 1993, daga baya ma aka ƙara masa sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Jita-jitar da ake yaɗawa cewa farin magi guba ne, masana ba su tabbatar da ita ba ga mai cin daidai misali, bal ma sinadarin da ke ba shi ɗanɗano akwai irinsa a cikin daddawa. Illar tana wani waje. Ta farko ita ce kusan rabin dunƙule gishiri ne, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya wuce giram 5 na gishiri a yini, matar da ta jefa uku ko huɗu a miya ta kuma bi da gishiri ba ta san ta ƙetare haddi ba, ga shi kuwa hawan jini ya kama kusan mutum uku cikin goma na manyan ƙasar nan, mafi yawansu ba su sani ba sai ranar da ɓarin jiki ya shanye. Ta biyu, wadda a ganina ta fi ta farko nauyi, ita ce dunƙule yana ba harshe labarin naman da bai shiga tukunya ba. A da idan miya ta rasa kifi da daddawa kowa a gidan zai ji a bakinsa, maigida ya ji kunya ya nemo. Yanzu ruwa da kuka da dunƙule biyu sun isa su rufe asirin talauci, ciki ya cika, jikin yaro kuwa bai sami abin ginuwa ba. Ta uku, talla a rediyo da bangon shaguna, da gasar girki, da kyautar bokiti da faranti lokacin azumi, sun taru sun cusa wa 'yan mata cewa warin daddawa ƙauyanci ne, har amarya ta riƙa jin nauyin a ce an ji shi a ɗakinta. Daddawa ba ta mutu ba, tsofaffi ba su yarda da miyar kuka ba tare da ita ba, amma ta koma mataimakiya a inda take sarauniya, da yawa daga masu yin ta sun koma waken suya saboda tsadar kalwa, ɗorawar da ba a sa wa gatari kuma ta shiga hannun masu gawayi. Kuɗin miyar da a da ke tsayawa a gidan maƙwabciya yanzu yana bin motar dila zuwa Ikko, wani kaso nasa ya ƙetare teku.

Abin da ya faru da madara ya fi ban tausayi, domin wannan ƙasar bokoloji ce, saniyar da aka san Sakkwato da ita. Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, gwangwanin madara ya gagari ma'aikaci balle manomi. Sai a 1993 kamfanin da ake kira Promasidor a yau ya kawo Cowbell a 'yar leda ta shan shayi ɗaya, garin madara da aka cire masa mansa na asali aka maye gurbinsa da man itatuwa domin ya yi araha ya kuma jure zafi, sauran kamfanoni suka bi sahu. Da Tarayyar Turai ta cire wa manomanta ƙayyadadden adadin madarar da za su tatsa a 2015, rarar da ta taru aka busar, aka gauraya da manja da aka tace, aka turo Afirka ta Yamma da farashin da Bafulatanar da ta taso daga ruga da ƙwarya a ka ba za ta iya karawa da shi ba. Yau da rani, lokacin da shanu suka yi kudu ko nono ya ƙafe, sau da yawa abin da ake dama fura da shi a kasuwa garin madara ne aka kwaɓa aka sa masa tsami ya kwana, mai sayarwa ta sani, mai saye ma galibi ya sani. Ga kuma rashin tsaro na 'yan shekarun nan, wanda ya tashi rugage ya hana noma a wasu dazuzzukan Kebbe, ya ƙara nisanta nonon gaske daga bakin yaran da aka haifa a tsakiyar shanu.

Wurin da dukan waɗannan kaya suka haɗu shi ne teburin mai shayi, kuma duk wanda ya bi ta tashar Tambuwal bayan sallar isha'i ya san shi: ga Lipton, ga Milo da Bournvita, ga madara da sukari da Blue Band, ga burodi an jera, ga kaskon ƙwai. Tun da kamfanin Tolaram na Singafo ya fara shigo da Indomie ta Indunusiya a 1988, ya gina ma'aikata a Ota a tsakiyar shekarun 1990, ya ƙara wata a Kaduna a 2012 domin kasuwar Arewa, taliyar ta zama sarauniyar teburin. Fulawa ce da aka soya a mai, da ƙullin gishiri da kayan ɗanɗano, tana dahuwa kafin mutum ya gama gaisawa. Ba a musun cewa sana'ar ta rufa wa dubban samari asiri, ta kuma ciyar da direba da ɗan acaɓa da ɗalibi da baƙon da ba shi da masauki. Amma akwai wata al'ada da ake kira ciyayya, wadda magidantan unguwa ke fito da akusansu ƙofar gida bayan magariba, a haɗa a ci tare, mai shi da marar shi, baƙo da almajiri, ba a san tuwon wa aka fi ci ba; a wurin ne yaro ke koyon wanke hannu da bisimilla da cin gabansa da barin loma ta ƙarshe ga ƙarami, a wurin ne kuma ake gane gidan da yau ba a ɗora tukunya ba, a aika musu a asirce ba tare da sun roƙa ba. Saurayin da ya saba da farantinsa shi kaɗai, wanda ya biya da kuɗinsa, ya fita daga wannan makaranta, kuma idan ya yi aure da ɗanɗanon tebur zai auna girkin matarsa. Haka nan karamci ya sake ma'auni. Baƙon da a da ake tarba da ruwan randa da fura, yanzu idan ba a aika yaro ya sayo lemon kwalba ba sai a ga kamar an wulaƙanta shi, alhali kwalba ɗaya ta santilita 35 tana ɗauke da sukari wajen giram 37, fiye da kashi biyu bisa uku na iyakar abin da likitoci suka yarda wa baligi a yini. Kayan azumin da saurayi ke kai wa gidan surukai, da garar da iyayen amarya ke haɗawa, sun koma katan-katan na madara da sukari da taliya da dunƙule, ana ƙirgawa a gaban mata ana yaɗa labari. Malamai sun sha yin wa'azi a kan israfi da riya a wannan babi, amma uban da ke tsoron a raina 'yarsa yakan sayar da tunkiya ko hatsin da zai ci da damina domin ya fita kunya.

Game da jarirai, duniya ta yi babbar muhawara wadda amonta ya iso nan. A 1974 wata ƙungiya a Ingila ta wallafa rahoto a kan yadda kamfanonin madarar jarirai ke tallata hajarsu ga matan ƙasashe matalauta, waɗanda ba su da tsabtataccen ruwa, suke kuma tsinka madarar domin gwangwani ya daɗe, yara suna mutuwa da zawo. Aka ƙaurace wa kayan Nestlé daga 1977, Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa ƙa'idar talla a 1981, Nijeriya ta yi tata dokar a 1990. A ƙauyukan Tambuwal da Kebbe abin da ya tsare mafi yawan jarirai daga wannan fitina abu biyu ne, talauci da ya hana sayen gwangwani, da karantarwar Alƙur'ani mai girma da ta ambaci shekara biyu cikakku na shayarwa. Sai dai matan ma'aikata da 'yan kasuwa na cikin gari sun shiga, kuma a 2024 ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta bayyana cewa kunun jarirai na Cerelac na kamfanin Nestlé da ake sayarwa a Nijeriya da wasu ƙasashe masu tasowa ana ƙara masa sukari, alhali irinsa da ake sayarwa a Jamus da Ingila ba a ƙarawa. Kamfanin ya amsa cewa bai saɓa dokar kowace ƙasa ba kuma yana rage sukarin sannu a hankali. Wannan amsa ba ta gamsar da ni ba, domin halaccin doka ba ya wanke mutum daga auna wa ɗan wani abin da ba zai auna wa nasa ba. A gefe guda, binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna fiye da rabin yaran Jihar Sakkwato 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, ƙididdigar talauci ta 2022 kuma ta sa jihar a kan gaba da kashi 90 cikin ɗari da 'yan kai. Ba gaskiya ba ne a ɗora wa kamfanoni dukan alhakin wannan, akwai jahilci da cuta da rashin ruwa da sakacin masu mulki. Amma abin baƙin ciki ne a ga uwa ta goyo ɗanta mai tamowa zuwa asibiti, maganin da za a miƙa mata ya zama 'yar leda ta Plumpy'Nut, wadda wani likita Bafaranshe da kamfanin Nutriset suka ƙago a 1996, kuma idan aka duba abin da ke ciki a tarar gyaɗa ce da madara da mai da sukari da ƙarin sinadarai, watau galibinsa abin da ƙasarta ke fitarwa ne tun kafin a haifi kakarta.

A 'yan shekarun nan kamfanoni sun matso kusa da gona. WACOT ya buɗe injin casar shinkafa a Argungu a 2017, GBfoods na ƙasar Sifen mai tumatirin Gino ya gina ma'aikata a yankin Ngaski ta Jihar Kebbi a 2020, manoman fadama sun sami mai saye da yawa a lokaci ɗaya, ko da yake mai sayen da ya fi kowa girma shi ke da babbar murya wajen yanka farashi. Hukuma kuma ta soma motsi: dokar kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi, adadin da hauhawar farashi ta cinye tun ba a je ko'ina ba, masu fafutukar lafiya suna neman a ƙara, kamfanoni suna cewa ƙari zai rufe ma'aikatu ya kori ma'aikata. A 2024 aka amince da wani mizani da ya ba masu yin dunƙule damar ƙara masa sinadarai huɗu masu ƙara jini da gina jiki, ba tare da an tilasta musu ba, bisa hujjar cewa babu wani abinci da ke shiga kusan kowane gida kowace rana kamarsa, saboda haka shi ne hanya mafi sauri ta isa ga matar ƙauye da ɗanta. Wasu likitoci da ƙungiyoyi sun tashi suna jayayya, suna cewa ba daidai ba ne a mai da abin da rabinsa gishiri ne ya zama magani, domin kamfani zai rubuta a takarda cewa yana ƙara lafiya, uwa kuma ta ƙara yawan abin da take jefawa da kyakkyawar niyya. Ma'aikatar lafiya ta tarayya a nata ɓangaren tana aikin ƙayyade gishirin da za a yarda da shi a abincin da aka sarrafa a ma'aikata, dunƙule yana cikin na gaba a jerin, ɓangarorin biyu kuma har yanzu suna kai da komowa a Abuja da Ikko.